Yadda Amurkawa Ke Zaɓen Ɗan Ƙarshen Sahu a Wasan Ƙwallonsu

In aka ce ƙwallon ƙafa, abin da zai faɗo wa kowannenmu a rai shi ne wanda muke bugawa da yamma a filin makaranta. To, a ƙasar Amurka akwai wani wasa dabam da suke kira da wannan suna, alhali kuwa ƙafa ba ta taɓa ƙwallon sai jefi-jefi. Ƙwallon nasu ma ba kewayayye ba ne, ya fi kama da gwanda mai tsini gaba da baya. Da hannu ake jefa shi, da hannu ake cafewa, a rungume a sheƙa da gudu, abokan hamayya kuwa su bi mutum su ka da shi ƙasa. Saboda haka ne 'yan wasan suke sa hular kwano da wasu matasai a kafaɗa, ka gan su kamar mahaya sun sha lifidi.

Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili, tsawon filin kuwa yadi 100. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo ana ba shi dama huɗu ya ci yadi 10. In ya ci a sake ba shi huɗu, in ya kāsa ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya. Wanda ya shiga da ƙwallo can ƙarshen filin abokan hamayya ya ciwo wa ɓangarensa maki 6, wannan shi ne babban ci. Kafin a tā da wasa, masu kai hari sukan jera ƙarti biyar su yi sahu. Waɗannan biyar doka ta hana su cafe ƙwallon da aka jefo gaba, aikinsu kawai su tokare abokan hamayya. A bayansu akwai mai jefa ƙwallo, wanda Amurkawa ke kira kwatabak, mu kuwa bari mu ce masa madugu, don shi ke jan ayarin. Can gefe da gefe kuma akwai 'yan tsere marasa nauyi, masu jiran madugu ya jefo su cafe.

Wanda nake so in yi magana a kansa yana tsakanin waɗannan biyu ne. Sunansa a bakinsu tayit-en, watau ƙarshen da ya manne, domin yakan tsaya a ƙarshen sahun nan na ƙarti, kafaɗa da kafaɗa da na gefe. Mu kira shi ɗan ƙarshen sahu. Shi doka ta yarje masa ya cafe ƙwallo. Saboda haka yanzu ka ga ya duƙa ya yi karo da wani ƙato wanda ya fi shi nauyi don ya buɗe wa mai gudu da ƙwallo hanya, an jima kaɗan ka ga ya sulale ya yi tsakiyar fili yana ɗaga hannu madugu ya jefo masa. Ya zama jemage ke nan, ba ya ga tsuntsu ba ya ga dabba. Galibinsu tsayinsu ƙafa 6 da inci 4 ko 5 ne, nauyinsu kuwa wajen kilo 110 ko fiye. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, amma shi wannan bawan Allah don ya tauna biyun ake biyansa.

Babbar ƙungiyar ƙwararrun wannan wasa sunanta NFL, tana da kulob 32. Kusan duk 'yan wasanta daga jami'o'i suke fitowa, domin a can jami'a ce makarantar koyon wasan, kuma ba a ɗaukar yaro sai ya shekara uku da barin sakandare. Ba a yin rububin 'yan wasa, kowa ya sayi wanda ƙarfin aljihunsa ya kai. A'a, kowace shekara cikin watan Afrilu akan yi zaɓe, kulob-kulob su riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya har zagaye bakwai, jimlar waɗanda ake ɗauka kuwa ta ɗan haura 250. Kulob ɗin da ya yi kashin baya a wasannin bara shi ke fara zaɓa, zakara kuwa shi ne na ƙarshe. Kun ga ashe zaɓen zagayen farko abu ne mai tsada ƙwarai. Kulob ya sha kashi shekara guda cur kafin ya sami wannan dama, in kuwa ya ɓarar da ita a kan yaron da bai yi amfani ba, to, manajan kulob da mai horarwa suna iya rasa aikinsu a kai.

Don gudun haka kowane kulob yake ajiye ma'aikata waɗanda ba su da aiki sai neman 'yan wasa. Sunansu ɗaya da 'yan sikawut ɗinmu, amma ba ruwansu da ɗaurin igiya ko kafa tanti. Ni manema zan kira su, don aikinsu ya yi kama da na masu neman aure. Akan raba musu ƙasar shiyya-shiyya. Tun daga ƙarshen Agusta har Disamba, lokacin wasannin jami'o'i, manemi yana kan hanya. Ya isa wata jami'a da sassafe, ya zauna ya kalli finafinan wasannin yaro, ya je filin motsa jiki ya gan shi ido da ido, sa'an nan ya shiga bincike. Zai tambayi mai horarwa, ya tambayi mai duba lafiyar 'yan wasa, har mai kula da kayan wasa bai tsira ba: yaron nan yana makara? Yana jin magana? In ya ji ciwo kaɗan yakan kwanta ne ko yakan daure? Daga nan ya rubuta rahoto ya aika hedkwata, ya wuce jami'a ta gaba.

To, a nan gizo ke saƙa. Ɗan tsere abu ɗaya ake nema a wurinsa, ɗan sahu ma haka. Amma ɗan ƙarshen sahu mutum biyu ne cikin riga ɗaya, jami'a kuwa ba ta cika nuna wa manemi duka biyun ba. Mai horarwa na jami'a ba don ya shirya wa NFL kaya yake aiki ba, so yake ya ci wasan ranar Asabar. Jami'o'i da yawa suna son wasan baza 'yan wasa ko'ina a fili da yawan jifa. A irin waɗannan wurare sai a janye ɗan ƙarshen sahu daga sahun, a tsai da shi can waje kamar ɗan tsere, ya yi shekara uku bai taɓa dafa ƙasa ya tokare ƙato ba. Wasu jami'o'in kuma, ko da yake sun yi ƙaranci, gudu da ƙwallo suka fi so, sai yaro ya ƙare karatunsa yana karo, ba a jefo masa ƙwallo sai sau ɗaya ko biyu a wasa. Ko ta ina manemi ya duba, rabin mutum yake gani, ɗaya rabin kuwa sai ya yi kirdado. Cinikin biri a sama ke nan.

Duk da haka akwai alamu da idon gwani ke kamawa a fim. Wajen cafewa, sukan duba ko yaro yana miƙa hannuwa ya tarbi ƙwallo tun yana nesa da jiki, ko kuwa jira yake ya bugi ƙirjinsa sa'an nan ya rungume. Mai jiran ƙirji yana iya shan ruwa a jami'a, amma wajen ƙwararru kafin ƙwallo ya iso an riga an sa hannu an kaɗe shi. Sukan duba yadda yake karya kwana. Dogon mutum mai nauyi in yana gudu zai juya, tilas ya sauke ƙugu ya taka birki, wanda ƙugunsa ya sandare kuwa sai ya yi kwana mai faɗi kamar babbar mota, mai tsaronsa ya bi shi cikin sauƙi. Akwai kuma wata basira wadda agogo ba ya aunawa: sa'ad da masu tsaro suka raba fili kowa yana gadin yankinsa, ɗan ƙarshen sahu na kirki yakan gane inda rata take tsakanin mutum biyu, ya je ya tsaya cak ya nuna wa madugu ƙirjinsa. Wajen tarewa kuwa, abin dubawa shi ne ko yana sunkuyawa ya shiga ƙarƙashin abokin karo, ko hannuwansa suna sauka a ƙirjin mutum maimakon su zagaya kafaɗa a busa masa laifin riƙo, ko ƙafafunsa suna ci gaba da tafiya bayan an haɗu. Masu horarwa sukan ce dabarar tarewa ana iya koya wa mutum, muddin yana so. Saboda haka manema sukan zuba ido a kan wasan da ƙwallo ya bi ta wancan gefe, inda yaro ke zaton ba mai kallonsa, su ga ko zai bi mutuminsa ya ture ko zai tsaya yana kallo.

Bari in kawo misalai biyu da suka nuna yadda rabin da ba a gani ba ke ruɗin manya. George Kittle ya yi wasa a Jami'ar Iowa, inda aka fi ba gudu da ƙwallo da tarewa muhimmanci. A duk zamansa can sau 48 kaɗai ya cafe ƙwallo. Manema suka ce ai wannan ɗan karo ne. A zaɓen 2017 aka ɗauki 'yan ƙarshen sahu uku a zagayen farko, watau O. J. Howard, da Evan Engram, da David Njoku wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne. Kittle kuwa yana zaune yana jira har zagaye na biyar, inda kulob ɗin San Francisco 49ers ya ɗauke shi a lamba ta 146. A shekararsa ta biyu, 2018, ya cafe ƙwallo sau 88 ya ci yadi 1,377, abin da wani ɗan ƙarshen sahu bai taɓa yi a shekara guda ba kafin lokacin. A wata huɗu ya kusa ninka abin da ya yi a shekara huɗu. Hannun nan da ƙafar nan yana da su tun yana Iowa, ba a dai aike su ba ne.

Na biyun ya bi ta ɗaya hanyar. Mark Andrews na Jami'ar Oklahoma ya sha cafe ƙwallo, har a 2017 aka ba shi lambar John Mackey, wadda ake ba ɗan ƙarshen sahun da ya fi kowa a jami'o'i. Amma yawancin lokaci a waje yake tsayawa, sai aka yi ta shakkar ko zai iya tarewa. A zaɓen 2018 kulob ɗin Baltimore Ravens ya ɗauki wani ɗan ƙarshen sahu, Hayden Hurst, a zagayen farko, sa'an nan a zagaye na uku ya ƙara da Andrews. Manema ɗaya, shekara ɗaya, kulob ɗaya. Bayan shekara biyu aka miƙa Hurst ga Atlanta, Andrews kuwa ya zauna, har a 2021 ya cafe sau 107 ya ci yadi 1,361. Ga kuma wani abu da manema ke kula da shi: Hurst ya fara gwada wasan besbol kafin ya shiga jami'a, shekarunsa 24 sa'ad da aka zaɓe shi, Andrews kuwa 22. Babba in ya fi ƙarfin yara a jami'a ba abin mamaki ba ne, kuma saura kaɗan ya kai iyakar girmansa.

Bayan an rufe wasannin jami'o'i sai a shiga awo. Cikin watan Janairu ko farkon Fabrairu akan tara waɗansu fitattu a garin Mobile na jihar Alabama su yi mako guda suna karawa a gaban manema. Nan ne wanda bai taɓa tarewa ba za a ce masa bismilla, duƙa mu gani. Daga nan sai babban taron gwaji na birnin Indianapolis, wanda ake yi a can tun 1987, a gayyaci yara fiye da 300. A auna tsayi da nauyi da tsawon hannu da faɗin tafi. A sa su tseren yadi 40, watau mita 36 da rabi, su yi tsallen sama da na tsawo, su zagaya wasu turaka uku don a ga saurin juyawa, su kwanta su ɗaga ƙarfe mai nauyin laba 225, wajen kilo 102, iyakar ƙarfinsu. Tseren nan shi 'yan kallo suka fi so. A 2006 Vernon Davis, ƙato mai fiye da kilo 110, ya gama shi cikin daƙiƙa 4.38, aka ɗauke shi na shida a zaɓen shekarar.

A ganina agogo ba abin rainawa ba ne, ba kuma abin bauta wa ba. Duk wanda ya taɓa kallon gasar gidaje a nan makaranta ya san mai lashe mita 100 ba lalle ne ya iya murza leda ba. Tseren Indianapolis a miƙe ake yinsa, da gajeren wando, ba hula ba mai tura ka. Inda awo ke da amfani shi ne inda ya saɓa da abin da aka gani a fim, don a nan yake ce wa manemi koma ka sake dubawa. Kittle ya yi tseren nan cikin daƙiƙa 4.52, kusan daidai da Howard wanda aka ɗauka na 19. Agogo ya faɗi gaskiya a ranar, aka ji, aka kau da kai, saboda lamba 48 ta riga ta zauna a zukata.

Abin da ba a nunawa a talabijin a taron nan shi ne wanda kulob-kulob suka fi damuwa da shi, watau ɗakin likita da ɗakin ganawa. Ɗan ƙarshen sahu yana shan duka ta fuska biyu, ƙarti su buge shi a sahu, masu tsaron baya su sare shi a gwiwa in ya cafe ƙwallo, tun da ba za su iya ka da shi ta sama ba. Rob Gronkowski na Jami'ar Arizona bai buga wasa ko ɗaya a 2009 ba saboda aikin da aka yi masa a baya. Tsoron wannan ya sa ya zame zuwa zagaye na biyu a 2010, New England Patriots suka ɗauke shi na 42. A 2011 ya cafe ƙwallon babban ci sau 17, kafin ya yi ritaya kuma ya ci kofin Super Bowl sau huɗu. Amma kada mai karatu ya ce likitoci matsorata ne. Jake Butt na Jami'ar Michigan, wanda ya sami lambar Mackey a 2016, ya tsinka jijiyar gwiwa a wasansa na ƙarshe a jami'a. Shi aka ɗauka na 145 a 2017, dab da Kittle, gwiwar nan kuwa ba ta bar shi ya yi abin kirki ba har ya ajiye wasa. Haka nan batun hali. Travis Kelce jami'arsa ta Cincinnati ta dakatar da shi shekarar 2010 gaba ɗaya don ya karya doka, wannan tabo ya bi shi har zaɓen 2013, inda Kansas City Chiefs suka same shi a zagaye na uku. Daga 2016 zuwa 2022, shekara bakwai a jere, bai taɓa kāsa cin yadi 1,000 ba.

Wani abin ban dariya kuma, manema sukan bar filin ƙwallo su leƙa ɗakin ƙwallon kwando. Dalili kuwa, mai wasan kwando ya saba ba abokin hamayya baya, ya kare shi da jiki, ya yi tsalle ya damƙo ƙwallo daga sama, abin da ake so ke nan a bakin ƙarshen fili inda wuri ya matse. Tony Gonzalez ya haɗa wasannin biyu a Jami'ar Kalifoniya kafin a ɗauke shi a 1997. Antonio Gates kuwa bai buga wannan wasa a jami'a ba ko sau ɗaya, kwando ya yi a Kent State, tsayinsa bai isa ƙwararrun kwando su so shi ba. Ba wanda ya zaɓe shi a 2003, San Diego Chargers suka ba shi dama don gwaji. Ya shekara 16 tare da su, ya cafe ƙwallon babban ci sau 116, kuma a 2025 aka sa shi cikin zauren tunawa da gwanayen wasan. Sai dai labarin Gates ya yaɗu ne don ya yi nasara. 'Yan kwandon da aka gwada suka ji karon farko suka tattara kayansu, ba mai riƙe sunayensu.

Ko an dace da yaro, saura haƙuri. Sabon ɗan ƙarshen sahu sai ya haddace aikin 'yan sahu ya kuma haddace na 'yan tsere, kamar ɗalibin da aka ce ya zauna ajin kimiyya da na fasaha lokaci guda. Har ƙananan dokoki sun sake: a jami'a in ka cafe ƙwallo a bakin layi ƙafa ɗaya ta isa, a NFL sai biyu sun taka cikin fili. Shi ya sa yawancinsu ba sa nuna kansu sai shekara ta biyu ko ta uku, kwangilar sabon ɗauka kuwa shekara huɗu ce, kafin itace ya yi 'ya'ya an fara maganar sabon farashi. Mike Ditka ya ci yadi 1,076 a shekararsa ta farko da Chicago Bears a 1961, cikin wasa 14, aka shekara fiye da 60 ba sabon ɗaukan da ya wuce shi. Kyle Pitts na Jami'ar Florida, wanda Atlanta Falcons suka ɗauka na huɗu a 2021, matsayin da wani ɗan ƙarshen sahu bai taɓa samu ba, ya kusa, ya ci yadi 1,026. Shekara ta gaba ya ji ciwo a gwiwa, daga 2022 zuwa 2024 bai sake kusantar dubu ba, magoya baya suka yi ta gunaguni. Sai a 2024 Brock Bowers na Jami'ar Georgia, wanda Las Vegas Raiders suka ɗauka na 13, ya cafe sau 112 ya ci yadi 1,194, ko da yake shi wasa 17 ya samu. Bowers bai ba manema wahala ba, sau biyu ya ci lambar Mackey, kuma jami'arsa ta nuna shi ta kowace fuska.

Ita kuwa Iowa, tun da Kittle ya ba su kunya manema ba su sake wuce ta da sauri ba. A zaɓen 2019 aka ɗauki 'yan ƙarshen sahunta biyu a zagayen farko, T. J. Hockenson na takwas, Noah Fant na 20, abin da bai taɓa faruwa ga jami'a ɗaya ba. A 2023 kuma Detroit Lions suka ɗauki Sam LaPorta daga can a farkon zagaye na biyu, ya cafe ƙwallo sau 86 tun a shekararsa ta fari.